Karan Fiffiken Hagu

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Saura kwana arba'in da biyu in fita takaba. Littafin nan naka ne, rabinsa zanen jirage da awon da ba na ganewa, rabinsa fari. Na juya shi ta baya na fara rubutu, tunda ba ni da wanda zan yi wa mita sai Yaya Sumaiya, ita kuwa ta bar gidanta ta zo taya ni zama, bai kamata in ƙara mata da surutu ba. Shekara huɗu muna tare ban taɓa kiran sunanka a gabanka ba. Yau ma sai da na daɗe riƙe da biro. Zulkifli. To, ga shi na rubuta.

Malam mahaifinka ya zo daga Kusada da hantsi, da yake yau ba karatu a makarantarsa. Ya zauna a bakin ƙofa, ni ina daga ciki. Ya ce ya jinkirta rabon gado ne don kada a kwashe ɗaki ina cikinsa, amma washegarin fitata za a raba, a mayar wa mai gidan haya makullinsa, ni kuma in koma Rimaye wurin iyayena.

"Kahin nan, ɗiyata, kada a taɓa komi nashi. Ko allura ce."

Na ce to. Sai idonsa ya kai kan sif, inda jirginka yake da fiffike ɗaya. Ya kawar da kai da sauri.

"Sada abokinshi ya ce shina son injin da abin tuƙin. Sauran ai kara ne da leda, sai a hura wuta da shi."

Nan ma na ce to. Me zan ce? Amma maganar hura wutar nan ta ƙi barina.

Juma'a, 12 ga Satumba, da hantsi

Na share ɗaki. Ban taɓa shi ba.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan azahar

Na taɓa shi.

Na hau kujerar keken ɗinkina na sauko da shi, wai don in kaɗe masa yana. Ba shi da nauyin kwanon sha. Gangar jikin ka gama ta, ga inji a hanci da farfelarsa, ga wutsiya da 'yan wayoyinta. Fiffiken dama ma ka gama, ka ja masa farar leda sumul, in an ɗaga shi a haske ana ganin haƙarƙarin kara a jere. Na hagu ne babu, sai zanensa a shafi na goma sha ɗaya da ramin da zai shiga.

Duk Kankia an san malamin makarantar nan mai ƙera jirage, amma ba wanda ya san ba ka iya tuƙa su ba. Uku ka kifar a filin nan na hanyar Kafinsoli kafin ranar da na ce ka ba ni rimot ɗin in gwada, ina amarya, ina jin kaina. Na ɗaga shi na zagayo da shi na sauke a kan ciyawa, kai kuma ka tsaya da baki buɗe. Tun daga ranar kake cewa kai injiniya, ni direba. Kai ke jefawa, ni ke tuƙi. Wanda na tuƙa ranar, na kwali ne, ya yi mana shekara guda kafin ya jiƙe.

Daga baya na gaji, gaskiya ce. Ɗaki ɗaya da falo, ga warin gam, ga ɓawon kara har cikin tukunyar miya. Wannan na biyar ɗin ka ce shi ne mafi sauƙin nauyi da ka taɓa yi, don hannuna ka auna shi. Ni kuwa abin da na ce maka shi ne ka kwashe mini shara.

Ina so ya tashi sau ɗaya kafin a farke shi. Ba na neman komai a rabon nan bayan wannan.

Talata, 16 ga Satumba, da yamma

Na ce wa Yaya Sumaiya ta samo mini kara. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Rufaida, da kunnena na ji Malam ya ce ko allura."

"Allurar tawa ce, Yaya. Zaren ma nawa ne."

"Jirgin hwa?"

"Ba rage shi zan yi ba, ƙara shi zan yi."

"Ke dai tun kina ƙarama bakinki ya hi ƙarhinki," in ji ta. Amma kafin magariba ta shigo da dami guda a kai, daga gonar maƙwabcinmu da ya yanke geronsa makon jiya. Ta jefar a tsakar gida ta ce in asiri ya tonu ita girki ta samo wa.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Kwana huɗu ina fama. Ashe aikin da nake kira wasa ya fi ɗinkin rigar amarya cin rai. Sai an zaɓi gaɓar da ba ta da lanƙwasa, a tsaga ɓawon siri-siri da reza, a fere totuwar ta ciki a yi haƙarƙari goma sha biyu, kowanne daidai da zanen. Dogaye biyu su ne ƙashin baya. Na lalata ya fi ashirin. Karan yana da taushi, yana manne wa reza, amma na ce ai gara haka, ba zai karye mini ba.

Masu zuwa gaisuwa sun ragu, alhamdu lillahi. Na gaji da "sai haƙuri". Haƙurin nan na ci shi har ya fita raina, kamar tuwon da aka ɗumama sau uku. Allah ya yafe mini, su alheri suka nufa.

Litinin, 22 ga Satumba, da hantsi

Reza ta yanke ni a babban yatsan dama. Shi ne na tuƙi.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan azahar

Yau Inno ce ta zo maimakon Malam. Na ji sallamarta na yi maza na lulluɓe aikin da atamfar mutane, na hau keke kamar mai ɗinki. Ta kawo mini fura da kuka. Mahaifiyarka ta rame, zobenta ya koma yatsan tsakiya. Ta ɗan kalli cikina ta kawar da kai. Ta daina tambaya tun wata na biyu, ni ma na daina amsawa.

Na tambayi jikin Malam, ta ce jiki kam lafiya.

"Sai dai tun ranar nan bai sake hiƙe alƙalami ba. Mutumin da ɗalibai ke zuwa tun daga Bauranya don alƙalaminshi. Ɗakin nan na zaure inda shika aje karanshi, ya sa kwaɗo ya kulle. In na yi magana sai shi ce mani in bar shi."

Na ci gaba da taka keken da babu zare a cikinsa. Ta lura, ina jin, amma Inno ba ta tona mutum.

Talata, 30 ga Satumba, bayan la'asar

Na gama fiffiken. Na ja masa leda da salatif, na zura shi a raminsa, ya zauna. Sai na fita tsakar gida na zauna a kan turmi.

Na yi gwajin da kake yi. Na ɗaura zare a hanci da wutsiya, na rataye shi a ƙusar da ka buga a silin don wannan aikin, wadda na yi maka faɗa a kanta. In fiffiken biyu nauyinsu ɗaya, zai tsaya a miƙe.

Ya karkata hagu.

Na sauke, na sake ɗaurawa. Ya karkata hagu. Yaya ta ce wataƙila silin ɗin ne a karkace. Allah ya saka mata, amma silin lafiyarsa lau.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Na manna ƙaramar ƙusa a ƙarshen fiffiken dama don ta rama nauyin. Bai isa ba, na ƙara ta biyu. Ya miƙe, amma da na ɗauke shi a tafin hannu na ji ya zama wani abu daban. Kai da kake goge gam ɗin da ya yi yawa da farce, kana cewa ko ƙwayar gero ce sai injin ya ji ta. Da ka ga ƙusoshin nan da ka riƙe kai.

Na gaji.

Asabar, 4 ga Oktoba, da hantsi

Mun fitar da katifa tsakar gida. Ban kunna inji ba, na tsaya a bakin madafi na tura shi a hankali don in ga yadda zai sauka. Bai ko nufi katifar ba. Ya juya hagu kamar an kira shi, ya daki randa da hanci, farfela ta tsage. Saura guda ɗaya a gwangwaninka.

Da na duba fiffikena daga baki, sai na ga ya murɗe. Ranar Talata a miƙe yake. Yanzu ƙarshensa ya ɗaga kamar soyayyen kifi, ledar ta yi gumi ta ciki. Naka kuwa yana nan yadda ka bar shi tun watan Yuni.

Saura kwana goma sha tara. Ban yi girki ba, Yaya ta sayo mana awara.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan azahar

Lahadi ce. Ba na son Lahadi.

Gas ya ƙare mana da safen waccan Lahadin, kuma an yi ruwa, itacen ya jiƙe. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Sada ya rufe shagon gyaran wayarsa ya zo. Ya tsaya a zaure, Yaya tana tsakani. Ya ce ba gaggawa yake yi ba, so yake kawai in riƙa ɗan caja batirin kada ya mutu. Ban ji haushinsa ba. Na ce Yaya ta kai masa fiffiken ya gani, tunda shi ba zai kai ƙara Kusada ba.

Ya duba shi, sannan ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Aikin ya yi kyau, wallahi. Karan ne ba shi ba. Na sha tambayar marigayi inda yake samo nashi, sai shi yi dariya shi ce sirrin gidansu ne. Ni dai na san in ya ƙare mashi, Kusada yake tahiya."

Na sani. Ba sai an gaya mini ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

An kama ni.

Na shimfiɗa fiffiken a tsakar gida na danne da littattafanka ko zai miƙe, jirgin kuma yana gefe a kan tabarma. Yaya ta tafi niƙa. Na manta yau Alhamis. Sallamar Malam kawai na ji, kafin in ja mayafi ya riga ya shigo. Na tsuguna a bakin ƙofar ɗaki, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya zare fiffiken daga ƙarƙashin littattafan, ya ɗora a tafin hannu yana aunawa. Ya danna farce a jikin karan, ya shinshina.

"Wa ya ba ki wanga?"

"Na maƙwabta ne, Malam."

"Karan gero ne, na bana, ko wata bai yi da yankewa ba. Ruwa ne cikinshi. Wanga ko alƙalamin ɗan koyo ba a yi da shi, in ya bushe murɗewa shika yi."

Sai ya ɗauki naka. Ya ɗaga shi a rana, ya bi haƙarƙarin da yatsa ta bayan leda, ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe ya sake komowa farko.

"Sillen dawa ne. Jar dawa, ta gonata ta Bauranya. Shekara ukku shika yi a rataye kahin in taɓa shi." Ya shafa ledar. "Karana ne."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Wata huɗu ban gaya wa kowa ba, har Yaya, har littafin nan, sai ga shi ina gaya wa surukina da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na ce masa karan fiffiken hagu yana nan a ɗaure a bayan ƙofa, ka zaɓe shi ka ajiye. Na ce da safen Lahadin nan gas ya ƙare, itace ya jiƙe, raina a ɓace, na ɗauko na hura wuta da shi. Na san ko na mene ne, ba kuskure na yi ba. Ka fito ka tarar da shi a murhu, ba ka ce uffan ba, ka sha kunun, ka tayar da babur ka ce za ka je Kusada ka dawo kafin la'asar.

Na ce, "Da ban ƙona ba, Malam, da bai hau hanyar nan ba."

Malam ya ajiye fiffiken a kan tabarma a hankali. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya sa takalmi. Ko ruwan da na kawo bai sha ba. A zaure na ji yana ce wa mai babur ɗin da ya kawo shi su tafi.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ba aike daga Kusada.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Ba aike. Na mayar da jirgin kan sif. Yaya ta ƙona sauran karan geron ta dafa wake, ban hana ta ba. Na gaya mata abin da na gaya wa Malam. Ta yi kuka, ta ce kwana ne ya ƙare, ta ja mini aya. Na san ayar, Yaya. Sanin bai hana ni ganin murhun ba.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ce an zo ɗaukar jirgin. Na fara haɗa kayana a buhu. Shekara huɗu, buhu uku da keken ɗinki. Na gaji da ƙirga kwanaki, amma saura tara.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan magariba

Malam ya dawo. Ya shigo da dami siriri a hammata, ya ajiye a tsakar gida ya nemi tabarma. Na leƙo ta labule, sai na ga abin da aka ɗaure damin da shi. Baƙar robar nan ce ta bayan babur ɗinka, mai ƙulli biyu a tsakiya. Na zauna a ƙasa.

Bai dubi ƙofar ba, da bango yake magana.

"Waɗanda suka tsince shi a bakin hanya bayan hatsarin su suka kawo mani damin ga, a ɗaure a bayan mashin, ko ɗaya bai karye ba. Na kulle a ɗaki. Ɗiyata, kin hwaɗi naki, bari in hwaɗi nawa. Shekara biyu karana na raguwa, ina ta zargin ɗalibai. Rannan na kama shi da hannu cikin dami. Ya ce shina sauri, hadari na haɗuwa. Na ce zauna. Na zaunar da shi tun azahar, ina hwaɗa mashi ya bar allon kakanninshi ya kama wasan yara, ya zo shina satar karan da ake rubuta Alƙur'ani da shi. Bai tanka mani ba. Sai da iska ta taso na sallame shi. Da na bar shi ya tahi sa'ad da ya ce, da ya riga ruwan."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Ni ke karantar da mutane cewa ajali ba shi gaba ba shi baya. Na sani, ke ma kin sani. To, ga mu nan dai."

Ya kwance robar ya naɗe ta ya sa a aljihu. Daga ɗaya aljihun ya fito da 'yar wuƙarsa ta fiƙe alƙalami, mai ƙotar da ta yi baƙi don riƙo. Ya ce a kawo masa zanen. Daga ciki na ce, "Malam, ai an ce ko allura."

"Ni na ce. Na kuma kwana bakwai ina duba mas'alar. Karan jikin jirgin ga duk nawa ne, ban sayar ba, ban bayar ba. Mai kaya kuwa ya yarda a yi aiki da kayanshi. Miƙo littahin."

Yaya ce 'yar aike tsakaninmu. Ni ina ciki ina auna tsawo da tef ɗin ɗinki, in sa alama a takarda, ta kai masa, shi ya fere, ta dawo mini da shi in manna. Abin da ya ci mini mako biyu da yatsa, kafin la'asar ya fere shi duka. Wuƙar ba ta ko ƙara. Sau ɗaya ya mayar da awona, ya ce in sake dubawa, na uku ya fi na dama tsawo da kaurin farce. Na duba, gaskiyarsa ne.

Da zai tafi ya tsaya a zaure ya fiƙe alƙalami guda da guntun da ya rage, ya gwada bakinsa a farcensa, ya soke a hula.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Na ja leda. Na cire ƙusoshin nan biyu, na sa sabuwar farfela. Na rataye shi a silin.

Ya tsaya a miƙe. Na bar shi a nan ina kallo har kunu ya huce.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Bai murɗe ba. Na caja batir a solar maƙwabta, na gwada wutsiya, tana amsawa sama da ƙasa, dama da hagu. Yatsana ya warke, sai tabo. Tsoro nake ji, shekara biyu rabona da rimot. Farfela kuma babu wata.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma

Na fita. An yi wanka, an raba waina, mata sun cika gida. An sa mini kwalli da turare, na ji kamar fuskar wata aka ara mini. Malam da Inno sun zo, za su kwana gidan ƙanwarsa a cikin gari. Ya aiko Inno ta ce mini rabo sai bayan sallar Juma'a, amma in shirya da sassafe kafin iska ta tashi.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun tafi filin hanyar Kafinsoli rana na fitowa, ni da Yaya da Malam, Sada yana biye da jirgin a hannu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Wata huɗu da kwana goma ban taka waje ba, titi ya yi mini faɗi. Ciyawar filin ta fara bushewa, an yanke geron gefe, dawa ce kawai a tsaye.

Na kunna rimot, Sada ya haɗa batir, injin ya yi 'yar ƙararsa. Sai na tsaya, don ban yi tunanin wanda zai jefa ba. Kai ne mai jefawa. Sada ya matso, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Yaya ake yi?"

Na ce ya riƙe ta ƙarƙashin ciki, ya fuskanci inda iska ke fitowa, ya tura shi gaba a miƙe, kada ya cilla sama. Ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla. Na tura sandar da ke ƙara wa inji wuta na ce, "Yanzu, Malam."

Jifar ba ta yi kyau ba, ƙasa ya nufa da shi. Cikinsa ya shafi kan ciyawa, na ja ɗaya sandar rimot a hankali, na ji yatsana ya tuna abin da ni na manta. Ya ɗaga hanci ya hau. Bai karkata ko'ina ba. Da ya wuce saman dawa rana ta bi ta cikin ledar, haƙarƙarin suka fito a fili, goma sha biyu naka a dama, goma sha biyu na mahaifinka a hagu, ba mai iya bambance su.

Gaskiyarka, ban taɓa tuƙa mai sauƙinsa ba. Kafin in gama nufin juyawa ya juya. Na zagaya da shi sau uku, a na ukun na daina gani sosai, sai da Yaya ta goge mini ido da bakin mayafinta don hannuwana biyu suna kan rimot. Malam yana ta bin sa da kallo. Hularsa ta faɗi baya saboda ɗaga kai, bai waiwaye ta ba, Sada ne ya ɗauka ya riƙe masa.

Na rage inji na kawo shi ƙasa-ƙasa, ya sauka a ciyawa ya ɗan ja ciki ya tsaya. Malam ya riga kowa isa. Ya ɗauke shi, ya duba fiffiken hagu, ya duba na dama, ya cire wata ƙaya da ta maƙale a leda.

An yi rabo bayan Juma'a, ba zan rubuta shi ba, kowa ya karɓi abin da Allah ya ba shi. Da aka zo kan jirgi Malam ya ba Sada haƙuri, ya ce shi da Inno sun ɗauki gangar jikin da injin a kasonsu, zai rataye shi a zaure kusa da karansa. Sada ya ce dama shi bai san yadda zai iya kwance shi ba. Rimot da batir kuwa aka sa a nawa kason. Na ce, "Malam, ai ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya."

"Na sani," in ji shi. "Ni ba ni da hannun tuƙi, ke ba ki da kara. Alhamis ba mu karatu. In iyayenki sun yarda, akwai hili bayan makaranta, Inno kuma tana dama hura."

Sun tafi da shi, Inno ta rungume shi a bayan mota don kada iska ta taɓa fiffiken. An kwashe ɗaki, saura ƙusar silin da zarenta. Ƙafafuna ciwo suke, na gaji, amma gajiyar tafiya ce. Gobe da safe motar Rimaye za ta zo.

Na kai batir caji.